Sassaƙar Sawun Wuƙa: Jagora Ga Mai Koyo

Kusan duk matashin da ya kawo mini aikinsa na farko, abu ɗaya nake gani. Zai zaro ɗan guntun itace daga aljihu, ya sha samfefa har ya yi sumul kamar sabulun da ya kwana a ruwa, ga filasta naɗe a babban yatsansa. In na tambaye shi ina sawun wuƙarsa, sai ya ce ai gogewa ya yi don aikin ya yi kyau. To, abin da ya goge ɗin nan shi ne sana'ar gaba ɗayanta. Na maimaita wannan bayani da baki har ban san iyaka ba, shi ya sa na ga gara in rubuta shi, wanda zai fara ya samu abin dubawa kafin ya ɓata itace ko ya ji wa kansa ciwo.

Wannan salo ba namu ba ne, na mutanen arewacin Turai ne, musamman Suwidin da Norwe. A Turance ana kiransa flat-plane, wato sassaƙar da ake yi da manyan yanka masu shimfiɗaɗɗen shafi, da wuƙa guda ɗaya, a kuma bar kowane yanka yadda wuƙa ta bar shi. Ni sassaƙar sawun wuƙa nake ce mata. Ta taso ne a hannun manoma da masu saran itace a daji, mutanen da lokacin sanyi kan kulle su a ɗaki, dare ya yi tsawo, ba abin yi sai zama a gaban wuta da wuƙa a hannu. Daga irin wannan zama ne dokin Dala ya fito, ɗan dokin itacen nan mai jan fenti na yankin Dalarna, wanda asalinsa abin wasan yara ne, yau kuma ya zama tambarin ƙasar Suwidin. Har yanzu ana sassaƙa shi a ƙauyen Nusnas kusa da garin Mora.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Axel Petersson, da ake yi wa laƙabi da Doderhultarn, wanda aka haifa a 1868 ya rasu a 1925. Mutanen karkararsu ya riƙa sassaƙawa: taron gwanjo, ɗaurin aure, jana'iza, zaman kotu, samari a layin tantance shiga soja. In ka dubi hoton aikinsa za ka ga tsoho ya ranƙwafa, gajiyar shekaru a kafaɗarsa, alhali yankan da suka fitar da bayan nasa ba su da yawa. Akwai gidan adana ayyukansa a garin Oskarshamn. Bayansa akwai Carl Johan Trygg, wanda ya yi ƙaura zuwa Kanada a 1928, shi da 'ya'yansa suka yaɗa salon a can. A zamaninmu kuma Harley Refsal na garin Decorah a jihar Iowa ta Amurka ya raya sana'ar da koyarwa da littattafai, har Sarkin Norwe Harald na Biyar ya ba shi lambar girmamawa ta St. Olav a 1996. Daga littattafansa na fara fahimtar abin da nake yi ba daidai ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masassaƙanmu ya ga ɗanɗanon abin. Kafin a gyare turmi ko ƙotar fartanya, akwai lokacin da sawun gizago ke kwance a jikinsu shafi-shafi, kowanne yana ɗaukar haske ta gefensa. Masassaƙinmu yakan wuce wannan mataki ya kai ga sumul. Su kuwa a nan suke tsayawa da gangan.

Akwai magana ɗaya da ya kamata a yi tun da wuri. Mafi yawan abin da ake sassaƙawa a wannan salo siffar mutum ce ko ta dabba, kuma mai karatu Musulmi ya san maganar malamai kan yin mutum-mutumin abu mai rai, da sassaucin da da yawansu suka yi kan abin wasan yara. Hukunci na malamai ne, ka tuntuɓi wanda ka amince da iliminsa. Zan yi bayani da siffar tsohon manomi, amma wasa wuƙa da karanta itace da yankan da zan koya maka duk ɗaya ne ko kwale-kwale za ka fitar, ko rumbu, ko bishiya, ko cokali.

Kayan aiki

Wuƙa ɗaya mai kafaffen ruwa, wadda ba ta naɗewa. Tsawon ruwanta ya kasance santimita 4 zuwa 6, siriri, bakinsa miƙaƙƙe ko kusa da haka, ƙotar kuma ta cika hannu. Morakniv mai lamba 120, da ake ƙerawa a garin Mora, tana aiki sosai. In ba ka same ta ba, maƙeri mai hannu zai iya fitar maka da irinta daga tsohon magagari. Ka nisanci wuƙar aljihu mara makulli, domin takan naɗe a kan yatsu. Ka nisanci reza da wuƙar yankan kwali mai ɓallewa.

Dutsen washi mai laushi, ko samfefar ruwa mai lamba 400 da 1000 da 2000, wadda ake samu wurin masu sayar da kayan fentin mota, tare da guntun gilashi da za a shimfiɗa ta a kai.

Guntun fata mai kauri da aka manna a kan katako, da man goge ƙarfe da za a shafa mata.

Safar hannu mai hana yanka, ta hannun da ke riƙe itace, da ɗan kuben fata na babban yatsan hannun wuƙa. Kowane baduku zai ɗinka maka.

Ƙaramin zarto, fensir, kwali, almakashi, abin awo.

Fentin akirilik na masu zane, ƙananan burushi biyu ko uku, da kakin zuma ko man takalmi mara launi.

Filasta da auduga da maganin wanke ciwo, a ajiye kusa.

Samfefa tana cikin jerin nan don wuƙa kaɗai. Ba za ta taɓa itacen ba.

Mataki na 1: Wasa wuƙa

A nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa tun ba su fara ba. Kaifin da ke yanka nama ko albasa bai isa wannan aiki ba. Shafin da kake so ya fito sumul yana sheƙi daga bakin wuƙa kai tsaye, ba zai yiwu ba sai in bakin ya yanke jijiyoyin itace tsaf. Wuƙar da ta dakushe murƙushe su take yi, ta bar wurin fari-fari da gashi-gashi, daga nan sai mutum ya ji dole ya nemi samfefa. Ka ga ashe samfefa ba ita ce cutar ba, alama ce ta cutar.

Wuƙaƙen mutanen arewacin Turai suna da faffaɗan gangare guda ɗaya a kowane gefe, daga tsakiyar ruwa zuwa baki. Wannan ya sauƙaƙa washi. Ka shafe gangaren da baƙar tawadar maka. Ka kwantar da shi ɗaf a kan dutse ko jiƙaƙƙiyar samfefa, kada ka ɗaga ƙeyar wuƙar ko kaɗan, ka riƙa gogawa. Bayan ɗan lokaci ka duba: inda tawada ta goge nan kake ci, inda ta rage ba ka kai ba. Ka ci gaba har tawadar ta goge zuwa bakin, kuma in ka shafa yatsa daga ƙeya zuwa baki a ɗaya gefen ka ji wani ɗan ƙarfe siriri ya lanƙwaso. Sai ka juya ka yi wa ɗaya gefen haka. Daga lamba 400 ka koma 1000, sannan 2000.

Sai fata. Ka shafa mata man goge ƙarfe, ka kwantar da gangaren, ka ja wuƙar ƙeya a gaba baki a baya, sau goma sha biyar zuwa ashirin kowane gefe. In ka tura baki gaba za ka yanke fatar. In kuma kana murɗa hannu a ƙarshen kowane ja, za ka dunƙule bakin da ka sha wahalar fitarwa. Ka ɗaga wuƙar sama sak, ka mayar da ita farko.

Gwajin gaskiya shi ne ka yanki kan guntun itace, wato ta inda zarto ya datse shi. In wurin ya fito da sheƙi, ya yi. In ka ga farin layi siriri yana bin yankan, akwai ɗan giɓi a bakin, ka koma dutse. Kana cikin aiki kuma, duk bayan kamar minti ashirin ka koma wa fata. Wanda ya riƙe wannan ɗabi'a yakan daɗe bai nemi dutse ba.

Kada ka miƙa wuƙarka ga mai injin wasa wuƙaƙen kicin. Dutsen injin yana ɗumama siririn baki har ya yi shuɗi, kuma ƙarfen da ya yi shuɗi ya saki ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Mataki na 2: Zaɓen itace da karanta jijiyarsa

Masu wannan sana'a a Turai da Amurka sun fi amfani da itacen linden, wanda Amurkawa ke kira basswood, saboda laushinsa da rashin taurin kai. Doderhultarn kuwa da itacen alder ya fi aiki. A kasuwannin katako na Najeriya, mafi kusa da su shi ne obeche, fari mara nauyi. Malaina ma tana yi. Rimi da gurjiya suna da laushi, sun dace da gwajin hannu, sai dai ba su riƙe ƙananan gaɓoɓi, kuma ƙwari na son su. Kirya da maɗaci ka bar wa turmi da ƙofa, za su gajiyar da hannunka su kashe maka wuƙa kafin ka koyi komai.

Ka nemi busasshen guntu mara ƙulli, mara tsaga, wanda ba a yanko shi da cibiyar bishiya a ciki ba, domin daga cibiya tsaga ke farawa. Kada ka ɗauki katakon da ya taɓa shan fenti ko ƙusa ko wanda ya kwanta cikin yashi. In ɗanyen itace ka samu, ka shafe kawunansa biyu da kaki ko fenti, ka ajiye a inuwa. Iskar hunturu tana tsaga ɗanyen itace cikin 'yan kwanaki in aka bar shi a fili. Ƙurar obeche tana tayar wa wasu mutane da asma, don haka ka rufe hanci lokacin zarto.

Jijiyar itace kuwa, duk wanda ya taɓa faskare ya san ta. Itace kamar rake yake, zare-zare ne a jere daga gindi zuwa sama. Dole jijiyar ta bi tsayin siffar da za ka sassaƙa, daga kai zuwa ƙafa. Kuma a kowane yanka wuƙa na da hanyar da itace ya yarda da wadda bai yarda ba. In kana gangarowa daga tudu zuwa kwari, ɓarɓashin zai naɗo yana fita salin-alin. In ka juya kana hawa, bakin zai nutse ƙarƙashin jijiya, ka ji wata 'yar ƙara, tsaga ta ruga gaban wuƙa. Da ka ji haka ka tsaya, ka zare wuƙar, ka juya itacen ka yanko ta ɗaya ɓangaren. Kada ka ce bari ka ƙarasa.

Mataki na 3: Zama, riƙo da yanka huɗu

Ka zauna a kujera mara hannu, ka buɗe ƙafafu, ka ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, aikin ya kasance a gaban gwiwoyinka. Kada ka taɓa jingina itace a cinya. Akwai babbar jijiyar jini a cikin cinya, in wuƙa ta same ta minti kaɗan ne tsakanin mutum da ajali. Ka sa takalmi rufaffe. In wuƙa ta suɓuce, ka janye ƙafa ka bar ta ta faɗi. Ka kori yara daga nisan da hannunka zai iya kai wa.

Tabon da ke gindin babban yatsana na hagu daga dare ɗaya ya samo asali. An ɗauke wuta, saura kaɗan in gama wata kafaɗa, sai na ci gaba da hasken waya, ga wuƙar ta fara dakushewa ban koma wa fata ba, ga safar hannu a ajiye gefe saboda zafi. Na ƙara ƙarfi, itacen ya ɓalle, wuƙar ta wuce. Sai da aka yi mini ɗinki da allurar tetanus, na yi makonni ban riƙe itace ba. Laifi uku na haɗa a wuri ɗaya: duhu, dakusasshiyar wuƙa, da hannu tsirara. Kafin kowane yanka ka tambayi kanka, in ta kuɓuce ina za ta nufa? In amsar ita ce jikinka, ka sake riƙo.

Yankan da za ka rayu da su huɗu ne. Na farko turi: wuƙa na fuskantar waje, babban yatsan hannun da ke riƙe itace yana kan ƙeyarta yana turawa, hannun wuƙa yana tuƙi kawai. Da shi ake fitar da manyan shafuka. Na biyu fira: kamar yadda ake fere rogo, wuƙa na tahowa wajenka, yatsu huɗu na matso ta, babban yatsa mai kube yana dafe da itace ƙasa da hanyar baki. Ƙarfin daga matsar yatsu yake fitowa, ba daga dantse ba. Na uku shinge: ka dasa baki a miƙe cikin itace a kan layi, sannan ka yanko zuwa gare shi, ɓarɓashin ya tsaya a nan. Da shi ake raba hula da goshi, riga da wando. Na huɗu kwari: yanka biyu a karkace su haɗu a ƙasa, su fitar da siririn ɓalli. Da shi ake yin ninkin tufa.

Ka ɗauki sanda mai kusurwa huɗu ka yi kwana biyu ko uku kana waɗannan kawai. Na san ba daɗi, kowa so yake ya ga siffa ta fito. Amma hannun da bai saba ba, in ya haɗa tunanin riƙo da tunanin hanci a lokaci guda, duka biyun yake ɓatawa. In yanka biyu ba su haɗu ba, ɓalli ya maƙale, kada ka banƙare shi da tsini. Ka sake bin yankan har ya faɗo da kansa. Banƙara ce ke karya tsinin wuƙa, ita ce kuma ke barin gashi a lungu.

Mataki na 4: Zane da zarto

Ka ɗauki guntu mai faɗin santimita 5, kauri 5, tsayi 15. Ka zana tsohon a kwali sau biyu, ta gaba da ta gefe, ka yanke da almakashi, ka ɗora a kan itacen ka bi da fensir. Mutum na gaske tsayinsa ya kai kansa bakwai da ɗoriya, amma a wannan salo akan ƙara wa kai girma, tsayin ya zama kamar kai biyar. Ke nan kai ya ci santimita 3. Ka sa masa hula da doguwar kwat, hannuwansa a aljihu ko a goye ta baya. Ba lalaci ba ne, yatsu su ne mafi wuyar abu, ka bar su sai hannunka ya nuna.

Da zarto ka cire manyan ɓangarorin da ba a bukata: saman kafaɗu, gaban ƙafafu, bayan wuya. Ka bar ɗan rata a wajen layi. Sannan ka ja layin tsakiya a duk fuskoki huɗu, kuma duk lokacin da wuƙa ta cinye shi ka sake ja. Shi ne zai hana kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, ko fuska ta karkace.

Mataki na 5: Kashe kusurwa da fitar da jiki

Nan ne zuciyar aikin. Abin da ya fito daga zarto har yanzu akwati ne mai kusurwa huɗu, kuma babban ciwon mai koyo shi ne tsoron kusurwa. Yakan ɗan tsakure ta kaɗan-kaɗan, ya yi sauri ya tafi wurin maɓalli da ido, a ƙarshe ya samu akwati mai fuska. Ka kashe kusurwoyin nan huɗu da yankan turi masu faɗi, tun daga kafaɗa har gindin kwat, har in ka leƙo aikin ta sama ka ga kusurwa takwas a maimakon huɗu. Ka cire fiye da yadda zuciyarka ke so. Ban taɓa ganin mai koyon da ya wuce gona da iri a wannan mataki ba, kullum ragewa suke yi.

Ga abin da ya bambanta wannan salo da sauran. Kowane yanka hukunci ne. Kafin ka saukar da wuƙa ka tsaya ka duba: wannan shafi daga ina zai fara, a ina zai ƙare, wane gefe zai fuskanta? Sannan ka yi shi da ja ɗaya mai tsawo, kana ɗan zamar da bakin a karkace yadda ruwan wuƙar duka zai yi aiki, ba wuri ɗaya ba. Bayan tsoho mai ranƙwafawa shafi uku ko huɗu ne. Hannun riga daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu shafi biyu ne ko uku. In ka maye gurbin shafi ɗaya da tsakure ashirin, haske ba zai samu wurin sauka ba, aikin zai yi kama da abin da ɓera ya gwaigwaya. Ba wai dole yankan farko ya kai zurfin da ake so ba. Kana iya rage itacen a hankali, amma yankan ƙarshe a kowane wuri ya zama guda ɗaya mai faɗi da zai share na baya.

Ka yi aiki da haske mai zuwa ta gefe ɗaya, kamar bakin taga da hantsi. Hasken da ke saukowa daga sama ko'ina yana ɓoye shafuka, na gefe kuwa yana ba kowanne inuwarsa. Kuma kada ka zauna a gaɓa ɗaya. Ka yi yanka biyu uku a dama, ka yi irinsu a hagu, ka juya baya, ka dawo. Jikin duka ya riƙa tasowa tare. Lokaci-lokaci ka ajiye shi a kan tebur ka ja da baya taku uku. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma daga nesa ya fi gani.

Da yankan shinge ka raba kai da kafaɗa, hannuwa da jiki, gindin kwat da wando, wando da takalmi. Tsakanin ƙafafu kwari ɗaya mai zurfi ya isa. Ka bar wuya da kauri, ka bar takalma da kauri har ƙarshe. Kan takalmi yana fita ne a gicciye da jijiya, shi ya sa yake saurin ɓallewa.

Mataki na 6: Kai da fuska

Fuskar mutum ba allo ba ce. In ka leƙo kan mutum ta sama za ka ga daga hanci fuskar tana gangarawa baya ta kowane gefe, kamar goshin kwale-kwale. Mai koyo yakan bar gaban kai a shimfiɗe, ya zana ido da baki a kai, sai hanci ya rasa itacen da zai fito da shi. Don haka ka fara da yanka biyu manya, dama da hagu na layin tsakiya, su haɗu a gaba kamar kusurwar akwati. A kan wannan kusurwa hanci zai zauna.

Ka yi shinge a ƙarƙashin hula ka yanko zuwa gare shi. Ka yi kwari a gicciye inda idanu za su kasance, wato tsakiyar tsayin kai, ba can sama kusa da goshi ba inda kowa ke kai su da farko. Ka yi ɗan shinge a ƙarƙashin hanci, a hankali ƙwarai, ka yanko daga haɓa zuwa sama. In ka danna da ƙarfi a nan hancin zai tashi. Sannan ka cire ɗan ɓalli mai kusurwa uku a kowane gefen hanci, sai kumatu da ramin ido su bayyana tare. Layi biyu daga gefen hanci zuwa gefen baki suna ba shi shekaru. Baki yanka ɗaya ne siriri. Ido ba ya bukatar fatar ido da gira dalla-dalla, inuwar ramin da ɗigon fenti sun wadatar. Kunne yana bayan layin tsakiyar kai in an duba ta gefe.

In hanci ya ɓalle, ka nemo guntun, ka manna da farin gam na kafintoci, ka bar shi ya kwana. In ya ɓace, ka tura fuskar duka baya kaɗan ka sake fitar da wani. Wannan na daga cikin amfanin barin kai da girma.

Mataki na 7: Tufafi, da sanin lokacin tsayawa

Tufa tana ninkewa ne inda gaɓa ta lanƙwashe: cikin gwiwar hannu, hammata, bayan gwiwa, inda wando ya sauka a kan takalmi. Kwari biyu ko uku a kowane wuri, masu bambancin tsawo. Wuyan kwat da bakin aljihu shinge ne mara zurfi. Maɓalli ka bar wa fenti.

Daga nan ka koma wa fata, ka bi jikin duka ka tabbatar babu inda sawun zarto ko fensir ya rage, domin fenti zai tona shi. Ka share gashin lunguna da tsini. Sai ka ajiye wuƙa. Sha'awar ƙara gyara tana da ƙarfi a daidai nan, kuma kowane ƙarin yanka yana raba babban shafi gida biyu. In kana shakka, ka bar shi ya kwana ka duba da safe.

Samfefa kuwa illarta biyu ce. Tana cinye gefunan da ke tsakanin shafi da shafi, waɗanda su ne ke ba aikin rai. Tana kuma barin ƙananan tsakuwoyinta cikin itace, in ka mayar da wuƙa wurin sai su dakusar da ita nan take.

Mataki na 8: Wanki, fenti da kaki

Hannu yana barin datti da maiƙo. Ka wanke aikin da ruwa da ɗan sabulu da tsohon burushin haƙori, sama-sama, kada ka jiƙa shi cikin ruwa, ka shanya a inuwa.

Fentin ya zama ruwa-ruwa. Ɗigo ɗaya na akirilik cikin ɗigon ruwa goma zuwa ashirin. Ka gwada a kan tsohuwar jarida: in kana iya karanta rubutun ta cikin fentin, ya yi. Manufa ita ce a ga itace da sawun wuƙa ta ƙarƙashin launi. Fenti mai kauri yana cike yankan, aikin ya koma kamar na roba. Dokin Dala ne ake lulluɓewa da jan fenti har da ado, wannan al'adarsa ce daban. Ka lura cewa saman hula da kafaɗu, inda kawunan jijiya suke, suna shan fenti da yawa su yi duhu, don haka ka ɗan jiƙa su da ruwa kafin burushi ya taɓa. Yankan shinge da ka yi tsakanin riga da wando shi ne zai hana launi tsallakawa. Ido kuwa ka ɗiga shi da tsinken sakace.

In ya bushe sarai, ka shafa kakin zuma ko man takalmi mara launi, ka goge da tsumma mai laushi. In abin wasan yaro ne da zai iya kai wa baki, ka tsaya a kan kakin zuma. Masu sana'ar a Turai da Amurka sukan yi amfani da dafaffen man linsid. In ka same shi ka kula: tsumman da ya sha wannan mai, in aka dunƙule shi aka jefar, yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta da kansa. Ka baza shi a fili ya bushe, ko ka nutsar da shi cikin ruwa. Banish mai ƙyalli kuma bai dace da wannan aiki ba.

Ɗan'uwa mai koyo, ka rubuta sunanka da kwanan wata a ƙasan aikinka na farko, ka adana shi ko da bai yi maka ba. Sannan ka yanko guntu biyar iri ɗaya, ka maimaita siffar nan sau biyar kafin ka taɓa wata, kana ƙoƙarin rage yawan yanka a kowane zagaye. In ka gama ka jera su a bakin taga da hantsi, ka dubi na farko ka dubi na ƙarshe. Ina roƙonka, har ka kai wannan rana kada ka cire safar hannu, kuma kada samfefa ta taɓa itacenka.